Gada A Sama, Kwata A Ƙasa

Yau dai sai kun yi mini haƙuri, za mu ɗan jingine labarin masoya a gefe, mu taɓa maganar garin da su masoyan suke zaune a ciki, wato Kano. Ai ko a littafi, kafin saurayi ya isa wajen zance sai ya bi titi. Sai dai mu marubuta mun saba rufa wa garin asiri: motar jarumin namu ba ta taɓa maƙalewa a gosulon Kurna, tayarta ba ta faɗawa lambatu, kuma ba za ka taɓa jin an ce jarumar ta makara fitowa don tana jiran ɗan garuwa ya kawo ruwan wanka ba.

Duk lokacin da gwamnati ta ce za ta yi sabuwar gadar sama, sai gari ya rabu biyu. Waɗannan su ce ci gaba ne, Kano ta kusa kamo Dubai. Waɗancan su ce almubazzaranci ne, talaka ba gada zai ci ba. Sojojin baka su cika gidajen rediyo da daddare, a majalisu da teburan mai shayi a yi ta musu har a kusa ba hammata iska. Abin dariyar kuma, in ka lura da kyau, wanda ya yabi gadar jiya shi ne mai kushe ta yau, wanda ya kushe ta jiya shi ne mai yi wa ta yau kirari. Gadar dai siminti da rodi ce kamar kullum, hular mai yin ta ce kawai ta canja launi.

Ni dai ba na cikin masu zagin gada. Duk wanda ya san yadda Ƙofar Nassarawa take cushewa da yamma kafin a yi mata gada, ko ya taɓa tsayawa a shataletalen Ɗangi yana shaƙar hayaƙin tirela rana na dukansa, ba zai ce aikin banza aka yi ba. Kwankwaso a zangonsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, ya yi ta Ƙofar Nassarawa, ya haƙa ta ƙasa a Gadon Ƙaya da Kabuga, ya kuma faro doguwar nan ta Sabon Gari. Ganduje ya zo ya ƙarasa ta, ya ƙara da ta Ƙofar Ruwa da ta Ɗangi da ta Hotoro wadda Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023. Abba Kabir Yusuf shi ma da ya hau sai ya ɗauko ta Tal'udu da ta Ɗan'agundi. Ka ga ke nan mutanen da ba sa ga-maciji da juna sun haɗu a kan abu guda. Kowa yana son gada, domin ita ce aikin da ake hangowa daga nesa, a ɗauki hotonta da daddare fitilu na ƙyalli, a kuma raɗa mata sunan wani babba.

To amma ka sauko daga kan gadar, ka karya kwana ka shiga unguwa. Ba sai ka yi nisa ba. Kwata ta toshe da ledar fiya-wata, ruwanta ya yi baƙi ƙirin ya kwanta a tsakiyar lungu, an jera ɓaraguzan bulo ana tsallakawa a kai kamar masu wasan ɗan-gala-gala. Bola ta cika ta tumbatsa har ta cinye rabin hanya, awaki na kiwo a samanta, in an gaji da ita a cinna mata wuta hayaƙi ya turnuƙe gidaje. Famfo a unguwanni da dama ya zama abin ado, akwai yaran da suka yi wayo ba su taɓa ganin ya ɗigo ba, a wajensu ɗan garuwa da kurarsa shi ne Gidan Ruwa. Da damina ta tsaya kuma sai sauro ya karɓi mulki, masu kemis su yi ta cinikin maganin zazzaɓi. A kan gada minti biyu mutum yake yi ya wuce. A lungun nan yake kwana, a nan yake tashi, a nan 'ya'yansa suke rarrafe.

Saboda haka tambayar da nake so mu yi wa kanmu, mai karatu, mai sauƙi ce: in kwatar layinku ta toshe, ko kwalbatin bakin makarantar yaranku ya rufta, ƙofar wa za ka je ka buga?

Yawancinmu za mu ce ta gwamna. Shi ya sa in ka kunna rediyo za ka ji dattawan unguwa sun yi takakkiya har gidan rediyon, suna roƙon mai girma gwamna da ya dubi halin da suke ciki ya kawo musu ɗauki, a kan kwalbati guda ɗaya tal. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan 9, amma a ce kwalbatin Rimin Kebe sai ya jira mutum ɗaya da ke Gidan Gwamnati ya ji labarinsa. Ko aljani ne shi ba zai iya ba.

Alhali kuwa tsarin mulkin 1999 bai ɓoye mana komai ba. A jadawalinsa na huɗu an zayyana ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya. Akwai gina titunan cikin gari da gyara su, da fitilun kan hanya, da magudanan ruwa. Akwai kwashe shara da samar da gidajen wanka da ba-haya. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, har da lasisin keke da kura da baro. Wato kusan duk abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya a cikin unguwa, an riga an rubuta sunan mai shi. Birnin Kano da kewayensa kuwa a hannun ƙananan hukumomi takwas yake: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Kowacce da ciyaman ɗinta da mataimakinsa da sakatare da kansiloli, da sashen ayyuka da sashen lafiya, da sakatariya mai tuta. Amma ka tsayar da mutum goma a layinku ka tambaye su sunan kansilansu, ka ga nawa ne za su ba ka amsa ba tare da sosa ƙeya ba.

Ba haka garin nan ya taso ba. Ruwan famfo da wutar lantarki na farko da Kano ta gani, a farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ce ta yi su da kuɗin baitulmalinta. Aka janyo ruwa daga Challawa, aka hau da shi tanki a kan Goron Dutse ya gangaro cikin gari. Iyayenmu kuma har yanzu suna ba da labarin dubagari, wanda in aka ce ga shi nan ya shigo unguwa sai mata su hau share tsakar gida da wanke randa, domin zai leƙa har cikin randar ya ga ko akwai ƙwarƙwaro da tsutsa, in ya samu kuwa sai tara. Kada wani ya ce ina yabon zamanin En'e. Zaluncin da aka yi a lokacin ba ɓoyayye ba ne, da bulalar 'yan doka da wulaƙancin karɓar haraji, kuma a kan haka su Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka sha ɗauri. Abu ɗaya kawai nake nunawa: a wancan lokacin an san mai alhaki. Daga mai unguwa zuwa wakilin fuska, daga nan zuwa majalisar sarki, in lungu ya yi ƙazanta akwai wanda za a kira da sunansa a tambaye shi dalili.

A 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul a duk faɗin Nijeriya, En'e ta kau, aka ce yanzu jama'a ne za su zaɓi masu kula da su. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali, talaka ya yi ajiyar zuciya, kuma ya cancanci ya yi ta. Sai dai daga wannan zamani idon ƙaramar hukuma ya bar kallon jama'arta ya koma kallon kason man fetur da ke zuwa ƙarshen wata, da daga Legas, yanzu daga Abuja. Wanda ba daga hannunka yake ci ba kuwa, da wuya ya ji kunyarka.

Kuma ko wannan kason ba a barin sa ya iso lafiya. Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi wani abu da ake kira asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kuɗin ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 in ya taso daga Abuja, a wannan asusun yake fara yada zango, makullinsa kuma yana aljihun gwamna. A cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire kason masarauta, sannan a zo kan abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, wanda sunan haɗin gwiwa kawai gare shi, domin ɓangare ɗaya ne ke yanke shawara ɗayan ya sa hannu. Da irin wannan kuɗi aka faro titunan nan masu kilomita biyar-biyar a ƙananan hukumomi zamanin Kwankwaso, waɗanda da yawansu suka kwashe shekaru a yashe bayan an canja gwamnati. Kuma a ƙarshen 2023, da aka amince da aikin gadar Tal'udu da ta Ɗan'agundi, babban abin da ya tayar da ƙura shi ne labarin cewa daga wannan asusun za a ɗebi kaso mai tsoka. Mutumin Doguwa da na Kunchi suka ce, da wane dalili kuɗinmu zai gina gada a birni alhali mu hanyar kai mai naƙuda asibiti muke nema? Tambayarsu tana kan hanya. Amma ni a ganina mutumin Ɗorayi da na Bachirawa ma suna da haƙƙin yin irinta, domin kuɗin lambatunsu ne ya hau sama ya zama gada.

Bayan kuɗi sai aikin kansa. A hankali jiha ta ƙirƙiro hukumomi ta kwashe ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Shara ta koma hannun REMASAB, izinin gini da tsara gari na KNUPDA, zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA tun 2012. Filayen cikin birni dama dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa su a hannun gwamna. Manyan kasuwanni irin Kantin Kwari da Sabon Gari jiha ce ke naɗa masu kula da su. A 2021 ma har wani kamfani mai zaman kansa aka miƙa wa kwasar sharar birnin, ba a je ko'ina ba bola ta nemi rufe tituna, aka soke yarjejeniyar. To me ya rage wa ciyaman? Biyan albashi, rabon shinkafa da gero in azumi ya zo, rakiyar gwamna filin jirgi, da halartar ɗaurin aure ranar Asabar. In ka kai masa kukan kwata ya ce ba kuɗi, an riƙe a sama. In ka je hukumar jiha a ce wannan ai na ƙaramar hukuma ne, mu manyan tituna muke kula da su. Haka za a yi ta buga ka kamar ƙwallo har ka gaji, ku dawo ku yi karo-karo a unguwa, samari su fito da shebur da manjagara ranar tsaftar ƙarshen wata su yashe kwatar, su tara dagwalon a bakin hanya. Ba motar da za ta zo ta kwashe. Ruwan farko da ya sauka sai ya mayar da shi inda aka ciro shi.

Wani zai ce to ku kayar da ciyaman ɗin a zaɓe mana. Wane zaɓen? A 2014 jam'iyyar da gwamna yake ciki a lokacin ta lashe kujeru 44 cif. A 2018 haka, a 2021 haka. A watan Oktoban 2024, da wata jam'iyyar daban a Gidan Gwamnati, ita ma ta share 44 ɗin da kansiloli 484, ko ɗaya ba ta bar wa kowa ba. A garin da ake musun siyasa har tsakanin wa da ƙane a ɗaki ɗaya, wai a ce ba mazaɓa ko guda da ta saɓa. Wannan ko a littafi na rubuta shi, sai masu karatu sun aiko mini da wasiƙa sun ce na cika ƙarya. A zaɓen na 2024 ɗin, kuɗin fom da hukumar zaɓen jiha ta fara yankewa naira miliyan 10 ne ga mai neman ciyaman, miliyan 5 ga kansila, sai da aka kai ruwa rana har gaban kotu. Malamin firamaren da unguwa ta yarda da amanarsa a ina zai samo miliyan 5? Dole sai wanda wani uban gida ya saya wa. In ya hau kuwa, ka san wanda zai riƙa gaisarwa da safe, kuma ba kai ba ne. Tsakanin zaɓe da zaɓe ma sau nawa aka yi ta naɗa kantomomin riƙo, waɗanda ko wannan zaɓen na jeka-na-yi-ka ba su sha wahalarsa ba.

Mu dawo kan gosulo, tunda don shi ake gina gadojin. Mu tuna yadda aka yi ta juya mu a kan abin hawa. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku, sunan shirinta na A Daidaita Sahu ya bi su har yau. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa gaba ɗaya, sai adaidaita ta cika gari ta zama ita ce bas, ita ce tasi, ita ce motar ɗaukar kaya da ta kai amarya. A 2021 masu ita suka yi yajin aiki a kan harajin naira 100 na kullum, a farkon 2022 suka sake yin wani a kan kuɗin sabunta rajista, gari ya tsaya cik, ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti suka yi ta taka sayyada. A ƙarshen 2022 aka wayi gari da sanarwar hana su bin wasu manyan tituna, kafin a je ko'ina aka janye saboda ihun jama'a. Duk waɗannan daga sama suka faɗo. Da akwai majalisar kansiloli mai rai a Gwale ko Ungogo, da tun kafin a buga sanarwar wani ya miƙe ya ce, ranka ya daɗe, mutanen mazaɓata ba su da wata hanyar zuwa kasuwa sai wannan.

Kuma in ka tsaya ka kalli gosulon da kyau, yawancinsa ba a mahaɗar da aka yi wa gada ake haifar sa ba. Mai lemo da mai gwanjo sun kasa kaya a kan kwalta, kuma in ka tambaye su za su zaro maka rasit, domin akwai wanda ke zuwa kullum ya karɓi kuɗin wurin. Wata hukuma ta karɓi kuɗinsu da safe, wata ta kore su da rana. Adaidaita ba ta da wurin tsayawa, duk inda fasinja ya ɗaga hannu nan ne tasha. Motocin haya sun bar tashar da aka ware musu sun dawo bakin titi suna lodi. Sannan babbar matsalar, unguwannin awon igiya irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Sheka da Ɗorayi da Gaida, waɗanda aka yanka gonaki aka sayar ba tare da an bar hanyar kirki ba, ba su da titunan ciki da ke haɗa su da juna. Wanda zai je unguwar da ke bayan gidansu sai ya fito babban titi ya zagayo. Dubban mutane su kwararo kan titin Katsina ko na Zariya ko na Panshekara a lokaci guda. Gada za ta ɗauke ka ta tsallakar da kai mahaɗa ɗaya, ta sauke ka a cikin cunkoson da ke jiran ka a gaba. Kuɗin gada guda zai shimfiɗa titunan ciki masu yawa da lambatunsu, amma wa zai zo ya yanke kyalle a lungu?

Haka maganar ruwan sama take. Tsofaffin Kanawa da suka haƙi ƙasa suka gina badala da gidajensu sun bar kududdufai, kuma kududdufan nan su ne ke shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara. Muna ji muna gani aka yi ta cike su da shara, a daddale, a yanka filoti, a tayar da shaguna, har a jikin badalar kanta ta titin BUK. Ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa. A daminar 2022 ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma abin da 'yan kasuwar da kansu suka yi ta nunawa shi ne gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyin ruwa. Sai ga rusau na watan Yunin 2023: shagunan Filin Idi, ginin tsohon otal ɗin Daula, har da shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati. Wata gwamnati ta ba da fili, wata ta turo katafila. Kotun tarayya ta ce a biya masu shagunan Filin Idi naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3, kuma daga aljihun jama'a kuɗin zai fita. Ba ina nan don in ce wane ne mai gaskiya tsakanin mai bayarwa da mai rushewa ba, kowa ya riƙe ra'ayinsa. Amma a duk wannan dambarwa muryar wa ka ji? Gwamna, tsohon gwamna, kwamishinoni, lauyoyi. Waɗanda aka ce su ne gwamnati mafi kusa da jama'a, ranar bayarwa shiru, ranar rushewa ma shiru.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce in aka sakar wa ciyamomi kuɗi, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago: maimakon wurin ɓarna guda ɗaya an buɗe 44, kowa ya ƙara aure ya sayi gida a Nassarawa. Za su tuna mana cewa malaman firamare sun taɓa ɗanɗana zama a hannun ƙananan hukumomi suka yi watanni ba albashi, shi ya sa ƙungiyarsu take ɗari-ɗari da wannan 'yanci. Za su kuma ce gari ɗaya ba ya yiwuwa da masu unguwa takwas kowa na jan nasa, domin ruwan da ya taso daga Gwale bai san iyakar Dala ba, motar da ta fito daga Kumbotso a Fagge za ta sauke. Wannan ta ƙarshen na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Matatar ruwa ta Tamburawa da manyan bututu, da manyan magudanai irin Jakara, da manyan tituna da motocin safa na cikin gari, da wurin zubar da sharar birni gaba ɗaya, dole su zauna a hannu ɗaya, kuma jiha ce ta dace da su. Amma kwatar lungu, da tara shara daga ƙofar gida zuwa inda mota za ta ɗauka, da fitilar layi, da wurin tsayawar adaidaita, da 'yar kasuwar unguwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganar sata kuwa, ai yanzu ma ba a fasa ba, illa dai ba ka san inda za ka nuna da yatsa ba. Ciyaman ko kansila aƙalla ka san gidansu, ka san masallacin da yake salla, mahaifiyarsa tana haɗuwa da taka a gidan biki. Kwamishina kuwa sai dai ka hango gilashin motarsa mai duhu.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomin riƙo ya saɓa wa tsarin mulki. Aka yi ta murna. Shekara ta zagayo ana ta kai-kawo a kan buɗe asusu a Babban Banki da wasu sharuɗɗa, gwamnoni na ja ta nan, Abuja na ja ta can. Ko da kuɗin ya faɗo kai tsaye ma, muddin gwamna ne ya ɗora ciyaman a kujera, waya ɗaya ta isa ta sa ya mayar da shi inda aka saba kaiwa. Hukuncin kotu ba zai yashe mana kwata ba sai mun bi shi da ƙafa.

Abin da nake nema bai kai kuɗin bulo ɗaya na gada ba. Kason da kowace ƙaramar hukuma take samu duk wata ba sirri ba ne, ana buga shi a Abuja, yana nan a intanet ga wanda ya iya nema. To a rubuta shi da Hausa, da boko da ajami, a manna a jikin bangon sakatariya da ƙofar gidan kowane dagaci: ga abin da ya shigo, ga abin da aka cire kafin ya iso da sunan wanda ya cire, ga abin da aka yi da ragowar. Kowane kansila a wajabta masa zama da mutanen mazaɓarsa sau ɗaya a wata, a filin makarantar firamare, da rana tsaka, mata ma a ba su wurinsu domin su ne suka fi kowa sanin farashin jarka. Majalisar dokokin jiha ta fito da takarda guda ɗaya mai shafi ɗaya da ke cewa wannan titi na jiha ne, wannan na ƙaramar hukuma, wannan lambatu na wane ne, domin a daina yi mana wasan ɓuya. Ƙungiyoyin unguwa da ke haɗa kuɗin aikin gayya su ci gaba, Allah ya saka musu, amma duk ranar da suka yashe kwata su rubuta wasiƙa su kai sakatariya su karɓi shaidar an karɓa, su ajiye kwafi.

Su kuma gidajen rediyonmu, da suka zama kotun talaka tun da aka buɗe masu zaman kansu a farkon shekarun 2000, ina roƙonsu alfarma ɗaya. In dattawan unguwa suka zo da kukan kwalbati, kafin a miƙa kiran ga mai girma gwamna, a tambaye su sunan kansilansu da na ciyaman ɗinsu, a faɗi sunayen a iska, a buga musu waya a nan take kowa yana ji. In sun ce an riƙe kuɗin a sama, su faɗi ko nawa ne, da watan da aka riƙe.